Shin da gaske akwai ma'ajiyar intanet da ɓarawon bayanai ba zai iya gogewa ba?

Akantan Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida dukkan 'yan wannan zaure, musamman waɗanda Allah ya hore wa sanin kwamfuta, domin su nake nema da wannan tambaya.

Ni ke riƙe da lissafi da rajista a wata makaranta mai zaman kanta a cikin birnin Katsina, kuma shekara takwas ke nan duk abin da ya shafi kuɗin makaranta, da sakamakon jarrabawa, da albashin malamai, da hotunan takardun haihuwar yara yana cikin kwamfuta ɗaya da ke kan teburina. Ban taɓa lissafa kaina cikin masu sakaci ba, saboda ina da faifan ajiya na waje wanda kwamfutar ke zuba wa kwafi kowace yamma, sannan akwai manhajar da ke tura foldar ofis zuwa intanet da kanta.

Ranar Litinin ɗin da muka dawo daga hutun Babbar Sallah na kunna kwamfuta, sai na tarar an ƙara wa sunan kowane fayil wasu haruffa a ƙarshe, babu wanda ke buɗewa, kuma a cikin kowace folda akwai 'yar wasiƙa da Turanci tana cewa an kulle mana bayanai, sai mun biya fansa da Bitcoin za a ba mu makulli. Na juya ga faifan waje, wanda fitilarsa ke ƙyaftawa kamar kullum, na same shi a cikin hali ɗaya, domin a jone na bar shi. Na garzaya ga na intanet, nan ma lalatattun fayiloli ne suka hau kan masu kyau, kuma da na nemi tsofaffin kwafi sai na ga an shiga asusun da kalmar sirrin da na bari a ajiye cikin burauza, an share su har da kwandon shara.

Ba mu biya ba. Mako uku muka yi ni da malamai biyu muna sake shigar da komai daga kundin rasit da takardun sakamako da ke cikin kabad, kuma har yau akwai shekaru biyu da ba mu samu cikakke ba. Wata uwa ta zo neman sakamakon 'yarta da ta gama shekara uku da suka wuce, tana buƙatarsa domin neman gurbin karatu, na kasa ɗaga ido in dube ta.

Wani ya gaya mini cewa yanzu akwai ma'ajiya a intanet wadda idan ka zuba kwafi, babu mai iya gogewa ko canzawa, ko da kai mai asusun ne, sai wa'adin da aka sa ya cika. Abin da nake son sani shi ne, da gaske ne haka yake, ko kuwa daɗin bakin 'yan talla ne? Idan gaskiya ne, yaya mutum zai yi in ya zuba abu bisa kuskure? Wane wa'adi ya dace da ƙaramin ofis irin namu, wanda bayanansa ba su wuce gigabait 200 ba? Mai makarantar ya ce in kawo masa bayani kafin ƙarshen zango, kuma ba na so in sake kai shi ga abin da zai ba mu kunya.

Injiniya daga Daura ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar muku da alheri, ya kiyaye gaba. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, kuma ba sabon abu ba ne. Tun kafin zuwan ma'ajiyar intanet ana da tsarin da ake kira WORM, wato a rubuta sau ɗaya a yi ta karantawa, wanda hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta shafe shekaru tana wajabta wa dillalai adana takardunsu da shi, kafin ta sassauta dokar a 2022. Kamfanin Amazon ya kawo irin wannan cikin ma'ajiyarsa ta S3 a ƙarshen 2018 da sunan Object Lock, Microsoft yana da nasa a Azure, Google yana da Bucket Lock, sannan ƙananan kamfanoni irin su Backblaze da Wasabi sun bi tsarin na S3, shi ya sa manhajojin yin kwafin ajiya da yawa ke iya aiki da su duka.

Bari in bayyana yadda abin yake, domin a nan ne mutane ke ruɗewa. Faifanka na waje kamar allo yake: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa, kuma duk wanda allon ya shiga hannunsa zai iya wanke shi. Manhajar da ke daidaita folda da intanet ita ma allo ce, sai dai ta biyu, wadda ke kwaikwayon ta farko ko da ɓarna aka rubuta. A tsarin da kake tambaya kuwa, za ka buɗe wurin ajiya da suke kira bokiti, ka sa masa wa'adi, misali kwana 30. Duk fayil ɗin da ya shiga, na'urorin kamfanin za su buga masa ranar da kullensa zai ƙare. Kafin wannan rana za ka iya karanta shi, za ka iya sauke shi sau nawa kake so, amma umarnin gogewa ko na canzawa ba zai karɓu ba. Ba kwamfutarka ke tsare wannan doka ba, kuma ba agogonta ake dubawa ba, saboda haka ko ɓarawo ya mallake ta gaba ɗaya, ko ya tura kwanan watanta gaba da shekara goma, bai yi komai ba.

To, idan aka turo lalataccen fayil mai suna ɗaya da na kirki fa? Ba ya hawa kansa. Tsarin yana ajiye kowane zubi daban, sabon ya zauna a sama, tsohon yana nan ƙarƙashi a kulle. Haka kuma idan aka ba da umarnin gogewa na yau da kullum, wata alama kawai ake ɗorawa mai nuna an goge, fayil ɗin ya ɓace wa ido, amma yana nan. Na ga wanda hankalinsa ya tashi da ya buɗe bokiti ya gan shi wayam, alhali abin da ya rage shi ne ya danna wurin nuna tsofaffin zubi. Ka san da wannan tun yanzu, kada ranar tashin hankali ta zama ranar koyo.

Kullen iri biyu ne a tsarin S3, kuma amsar tambayarka ta kuskure tana nan. Na farko mai sassauci ne, shi ne za ka ga an rubuta Governance: yana hana kowa gogewa sai wanda aka ba izini na musamman. Na biyu mai tsauri ne, shi ne Compliance: babu mai cire shi, har da babban mai asusu, kuma wa'adinsa ana iya ƙara shi amma ba a iya rage shi. Idan ka zuba abu bisa kuskure a mai tsauri, sai dai ka yi haƙuri ka biya kuɗin zamansa har wa'adi ya cika. Shawarata ita ce ka fara da mai sassauci na mako biyu ko uku, ka ga yadda kwafi ke tafiya da yadda kuɗi ke hawa, sannan ka koma mai tsauri. Ba na ba da shawarar a zauna a mai sassauci har abada a ƙaramin ofis, saboda a irin ofisoshinmu mutum ɗaya ne ke riƙe da dukkan izini, kuma idan aka sace nasa, sassaucin ya zama ƙofa a buɗe.

Dalilin da ya sa nake tsananta wannan magana shi ne abin da ya faru da wani kamfani mai suna Code Spaces a watan Yunin 2014. Sana'arsu ita ce adana wa masu rubuta manhaja aikinsu, kuma suna da kwafin ajiya, amma komai nasu yana ƙarƙashin asusu ɗaya. Wani ya shiga asusun ya nemi kuɗi, da suka yi yunƙurin ƙwace ikonsu sai ya shiga gogewa, ya haɗa da kwafin ajiyar, kuma kamfanin bai sake tashi ba. Abin da ya same ku ke nan a ƙaramin sikeli. Masu garkuwa da bayanai sun daɗe da gane cewa wanda ke da kwafi ba ya biyan fansa, shi ya sa kwafin suke fara nema.

Game da wa'adi, kada ka auna shi da darajar bayanan, ka auna shi da tsawon lokacin da ɓarna za ta iya yi ba ku lura ba. Ku makaranta ce, kuna da dogon hutu da ke kai mako shida ko fiye. Idan ka sa kwana 14 aka yi muku ɓarna a makon farko na hutu, kafin ku dawo kullen kwafi mai kyau ya ƙare. Ni da zan tsara muku, kwafin kullum zan ba shi kwana 60, sannan in ware bokiti na biyu domin kwafin ƙarshen zango, wanda ke ɗauke da sakamako da lissafin da aka riga aka rufe, in ba shi shekara guda. Wannan na biyun ƙarami ne, ba zai ci kuɗi ba.

Abu na ƙarshe shi ne makulli, wato lambar sirrin da manhaja ke shiga ma'ajiyar da ita. Makullin da za ka saka cikin manhajar kwamfutar ofis ya zama na zubawa ne kawai, ba shi da ikon gogewa ko rage wa'adi. Babban asusu kuwa kada a taɓa shigarsa daga wannan kwamfuta, a sa masa tantancewa mai mataki biyu, kuma kada a sake ajiye kalmar sirrinsa a burauza.

Hajiyar Lissafi ta amsa:

Malam Akanta, ina taya ku jaje. Injiniya ya yi bayanin da ba ni da abin ƙarawa a kansa ta fuskar fasaha, amma ni zan yi magana a kan aljihu da layin sadarwa, domin shekara biyu ke nan muna amfani da wannan tsari a wata ƙungiyar adashi da lamuni ta mata da nake yi wa lissafi, kuma a nan muka sha wuya.

Kuskurena na farko shi ne na sa kulle mai tsauri na shekara guda tun ranar farko, sannan na zaɓi dukkan foldar ofis ba tare da na tace ba. Ashe a ciki akwai bidiyoyin taron shekara da na walimar wata mamba, waɗanda suka ninka takardun lissafinmu girma sau da yawa. Da na lura na nemi gogewa, abu ya ƙi. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa cikin ladabi cewa su ma ba su da iko. A lokacin raina ya ɓaci, amma daga baya na gane cewa amsar da za su ba ɓarawo ke nan, kuma ita muka saya. Wata goma sha biyu muna biyan kuɗin ajiyar bidiyon walima. Saboda haka ka tace tukuna. Ina kyautata zaton cewa cikin gigabait 200 ɗin nan naka, abin da makaranta ba za ta rayu ba sai da shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Na biyu, ka karanta sharuɗɗan farashi da kyau, domin ba kuɗin ajiya kaɗai ake biya ba. Wasu kamfanoni suna cajin kuɗin saukewa, wasu ba sa caji amma suna da mafi ƙarancin wa'adin zama da za a biya ko da an goge fayil. Matakin Amazon mafi araha, Glacier Deep Archive, ana biyan aƙalla kwana 180, kuma idan ka nemi fayil sai ka jira sa'o'i kafin ya fito. Ya dace da kwafin ƙarshen zango, bai dace da na kullum ba. Ka kuma tuna cewa tunda kowane zubi ana ajiye shi daban, babban fayil da ke canzawa kullum zai riƙa taruwa, sai ka ga abin da kake biya ya zarce abin da ke kan kwamfutarka.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, kuma ban ji ana yawan faɗarsa ba: kullen yana kare fayil ne muddin asusu yana raye. Idan aka daina biya har aka rufe asusu, bayan wani wa'adi komai zai tafi, mai tsauri ne ko mai sassauci. Mu da farashin yake da dala, kuma muka ga lokacin da katin naira ya daina wucewa a shafukan waje, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai watan da katinmu ya ƙi, saƙonnin gargaɗi kuma suna shiga imel ɗin wata tsohuwar sakatariya da ta yi aure ta koma Kano. Allah ya sa ta gani ta kira ni. Ka buɗe asusun da imel na makaranta wanda aƙalla mutum biyu ke dubawa, kuma ka sa a riƙa aiko muku da sanarwa idan kuɗi ya haura abin da kuka saba.

Sai lissafin lokaci, wanda za ka iya yi da kanka. Gigabait 200 a layin da ke tura megabit 5 cikin daƙiƙa zai ɗauki kusan sa'a 89, wato fiye da kwana uku da rabi ba tsayawa, ba ɗaukewar wuta, ba yankewar sabis. Saukewa a megabit 10 zai ci kusan sa'a 44. Mu a jihar nan mun ga 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama saboda matsalar tsaro, kuma ƙasa baki ɗaya ta ga ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma har harkar banki ta tsaya cak a wurare. Kwafin da ke intanet yana nan lafiya a irin waɗannan ranaku, amma hannunka ba ya kai gare shi.

Dattijon Ƙofar Soro ya amsa:

'Ya'yana, na karanta bayananku, kuma na ƙaru. Na yi shekaru ina aikin adana takardu kafin in yi ritaya, kuma ina da ja a kan wuri ɗaya.

Ni ban ga dalilin da zai sa ƙaramar makaranta ta fara da biyan dala ba, alhali faifai biyu ko uku da ake juyawa, ana cire su ana kullewa a akwatin ƙarfe, suna ba da kariyar da babu ɓarawon intanet da zai keta. Abin da ba a jone yake ba, ba a kai masa hari daga nesa. A watan Yunin 2017, lokacin da cutar kwamfuta da aka kira NotPetya ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, har sai da suka sake girka kwamfutoci kusan 45,000, an ruwaito cewa kwafin da ya taimaka musu wajen farfaɗo da tsarinsu an same shi ne a ofishinsu na Ghana, a wata na'ura da ɗaukewar wuta ta raba da sauran a daidai lokacin harin. Laifin Malam Akanta ba rashin ma'ajiyar intanet ba ne, barin faifai a jone ne. Kuma kada a ɗauka cewa abin da ke intanet a sama yake rataye: gini ne da na'urori a ƙasar wasu. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma waɗanda ba su da kwafi a wani wuri sun yi asara. Kulle yana hana gogewa, ba ya hana wuta.

Sai kuma maganar amana. Abin da za ka tura ba naka ba ne, sunayen 'ya'yan mutane ne, da ranakun haihuwarsu, da lambobin iyayensu. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta ba mutum 'yancin neman a goge bayanansa a wasu halaye, ta hana riƙe su fiye da buƙata, ta sa sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje, ta kuma ƙara tsanantawa a kan bayanan yara. Idan ka kulle su shekara bakwai da kulle mai tsauri, sannan uba ya zo da buƙatar da doka ta ba shi, me za ka ce masa? Wannan ma dalili ne na taƙaita wa'adi. Haka nan kullen ba ya hana karantawa. Wanda ya samu makulli zai iya kwashe komai ya yi barazanar watsawa, kuma wannan salo ya yawaita a wurin masu neman fansa. Duk abin da zai bar ofis a rufe shi da makullin sirri tun daga kwamfutarka, yadda ko kamfanin da ke ajiyewa ba zai iya karantawa ba.

Akantan Ƙofar Ƙaura ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, maganarka ta faifai ta shige ni, kuma na karɓi laifin barinsa a jone. Sai dai in faɗi gaskiya, na san halin ofishinmu. A makon jarrabawa ko na karɓar kuɗin makaranta, sai in kai Magariba ban tashi daga kujera ba, kuma na tabbata akwai ranakun da zan manta ban juya faifai ba, ko in jona shi in ce zan cire bayan sallah. Abin da ya ja hankalina ga wancan tsari shi ne ba ya dogara da tunawata.

Hajiya, na bi shawararki na duba jiya da dare. Takardun lissafi, da sakamako, da rajista, da hotunan takardun yara duka ba su kai gigabait 30 ba. Sauran hotunan gasar wasanni ne da bidiyon bikin yaye ɗalibai.

Tambayata da ta rage ga Injiniya ita ce: idan na rufe kwafin da makullin sirri kamar yadda Baba ya ce, kuma kwamfutar ta sake lalacewa, ina makullin zai kasance? Sannan ta yaya zan tabbatar wa mai makaranta cewa abin da muke biya yana aiki, tun kafin wata masifa ta zo?

Injiniya daga Daura ya amsa:

Malam, kafin in amsa, ina so in ce ban saɓa da Baba ba. Tsohuwar ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wajen ginin, kuma daga baya aka ƙara cewa ɗaya daga ciki ya zama ko dai a cire yake ko kuma mai kulle. Faifan Baba shi zai dawo da ku aiki cikin sa'a biyu ranar da sabis ya yanke, na intanet kuma shi zai tsaya muku ranar da aka manta faifai a jone, ko gobara ko ɓarayi suka shiga ofis suka haɗa da akwatin. Da gigabait 30, tura na farko a megabit 5 bai wuce sa'a 14 ba, ka bar shi ya kwana yana tafiya ranar Juma'a, bayan haka abin da ya canza kawai za a riƙa turawa.

Makullin sirri kuwa, tambayarka tana kan gaɓa, domin na taɓa zuwa wani ofis da kwafinsu ke nan lafiya a kulle, amma kalmar buɗe shi tana cikin kwamfutar da ta mutu. Babu kamfanin da zai iya buɗe maka shi. Ka rubuta kalmar da hannu a takarda biyu, tare da sunan bokiti, da sunan manhajar da ka yi amfani da ita, da lambobin gaggawa na shiga asusu. Kowace ka sa ta a ambulan ka liƙe, ɗaya a wurin mai makaranta a gidansa, ɗaya a wurin wani amintacce da ku biyu kuka yarda da shi. Kada ka ɗauki hotonta da waya.

Ka kuma tabbatar manhajar da za ka zaɓa ta san aiki da kulle. Wasu manhajoji suna ajiye cikakken kwafi sau ɗaya, sannan su riƙa ɗora canje-canje a kansa. Idan kullen cikakken ya ƙare alhali na canje-canjen bai ƙare ba, za a iya goge tushen a bar ka da rassa marasa amfani. Manhajar da aka gina domin wannan, irin Veeam, tana tsawaita kullen da kanta. Wasu kuma suna buƙatar goge ƙananan fayilolinsu yayin aiki, sai su riƙa tsayawa da kuskure a bokiti mai kulle. Ka duba takardar bayanin manhajar, ka ga an ambaci Object Lock ƙarara.

Game da gamsar da mai makaranta, ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka yi gwajin a gabansa. Ka zuba wani fayil na gwaji da kulle mai tsauri, ka shiga da babban asusu daga wata kwamfutar da ba ta ofis ba, ka nemi goge ainihin zubin, ya ga an ƙi da idonsa. Sannan ka ari wata kwamfutar da ba ta taɓa shiga ofishinku ba, ka karɓi ambulan daga hannunsa, ka bi abin da ke rubuce kawai ba tare da ka dogara da abin da ka haddace ba, ka sauke sakamakon aji ɗaya na bara, ka buɗe, ka gwada shi da takardar da ke kabad. Ka rubuta minti nawa abin ya ɗauka da wurin da ka tsaya kana neman wani bayani, ka gyara takardar, ka sa ta a sabon ambulan. Ka maimaita haka a makon farko na kowane zango, kafin a fara karɓar kuɗin makaranta. Idan ka zo matakin raba izinin makullin zubawa da na babban asusu ka ga ya rikice maka, ka kwafo saƙon kuskuren da ya fito ka sa a nan, amma ka share lambar asusu da makullin kafin ka turo.